Kwararafa: Silimar da Kuɗin Kuza Ya Raya

Tsofaffin garinmu Tsiga da dama sun san Jos tun kafin su taka birnin Katsina, kuma kuza ce ta kai su. Idan aka gama girbin dawa, aka auna auduga, kuɗin haraji bai cika ba, sai saurayi ya naɗe tabarmarsa ya nufi Funtuwa, ya hau jirgi zuwa Zariya. Daga nan ya shiga ƙaramin jirgin nan mai hawa tsauni har Jos da Bukur, wanda aka daina aiki da shi a 1957. Wasu kuwa ba cin rani ya kai su ba. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza ana tsakiyar yaƙin Hitila, sai aka ɗora wa sarakuna da hakimai su kawo mutane. Dubbai aka kwasa aikin dole har zuwa 1944, sanyin tsauni da ƙarancin abinci suka hallaka da yawa.

Jos ƙasar Birom da Anaguta da Jarawa ce, amma barikin da ya tashi a kanta ya tara kowa: Bahaushe, Bayarabe, Ibo, Bature. Mazaje ne galibi, nesa da iyaye, da 'yan sulalla a aljihu, dare kuma ga tsawo. Wanda ya gina gidan silima a irin wannan gari ba zai yi asara ba. Haka aka sami Rex da New Era, da Kwararafa da ke tsakiyar unguwannin Hausawa. Wani abin mamaki, kuzar ta riga leburorinta shiga fim: a 1926 Geoffrey Barkas ya fito da Palaver, wanda ya ɗauka a wannan tsauni, labarin takun saƙa tsakanin wani Di'o da Baturen kuza. Don 'yan kallon Ingila aka yi shi, ba don masu haƙar ba.

Ƙanen kakana ya yi rani da yawa yana ɗaukar kwanon sarki a ramukan Bukur, kuma daga bakinsa na san Kwararafa. Ya ce ranar biya, sai a yi wanka da sabulun salo, a shafa mai har ƙafa saboda kaushi, a ɗaura mayafi, a shiga gari. A bakin tagar tikiti ake fara kokawa. Mai ƙarfi ya kutsa ya sayo wa 'yan ɗakinsu. Kujerun baya na akawuna ne da masu kanti. Lebura gaba yake zama, dab da allo, ya ɗaga kai har wuya ya ƙage, ga hayaƙin taba, ga masu tallar gyaɗa da rake. In fim ya tsinke, ihu da fito da zagin mai juya na'ura sai ka ce za a rushe ginin. Da farko fim ɗin kaboyi ke tashe, daga baya na Indiya ya ƙwace fagen. Shi dai Mother India na 1957 ne ya tsaya masa a rai. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya ga manomiya da shanun huɗa, ya ga mai ba da bashi yana zuwa kwasar hatsi a masussuka. Wannan ba sai an yi wa mutumin Tsiga tafinta ba.

Amma da ya dawo gida, bakinsa alekum. A lokacin, a ce yaro yana shiga silima daidai yake da a ce ya zama ɗan bariki, kuma hakan na iya hana shi mata. Ya kawo turmin atamfa da fitilar ƙwai da kuɗin haraji, labarin Kwararafa kuwa sai da furfura ta rufe shi ya fara ba mu. Ina ganin shi ya sa tarihin waɗannan gidaje ya yi ƙaranci: waɗanda suka cika su sun fi kowa ɓoye zancen.

Dokar 1972 ta mayar da harkar gidajen silima hannun 'yan ƙasa, a daidai lokacin da kuzar ke ja da baya. A Oktoba 1985 kasuwarta ta rushe a Landan, kamfanoni suka watse suka bar tafkuna. Bidiyo ya shigo ɗakuna, sannan rikicin Satumba 2001 ya raba unguwanni, fitar dare ta zama kasada.

Sai dai sana'ar ba ta bar garin ba. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da aka kafa a 1979 a Jos take da hedikwata, da makarantarta ta koyon fim. Daga garin na Jos ne Sani Mu'azu da marigayi Ahmad S. Nuhu da Nafisa Abdullahi suka fito, kuma fina-finansu sun iso Tsiga a kaset da faifai, aka kalle su a tsakar gida tare da matan aure.