NBA: Shin alƙaluman wasannin lig na nuna wanda zai ɗauki kofi?

Daga tsakiyar watan Afrilu zuwa Yuni, masu sha'awar ƙwallon kwando a Nima da Maamobi da Kokomlemle kan raba dare suna kallon zagayen fitar da gwani na gasar NBA ta Amurka. Wasan da aka fara da ƙarfe 8:30 na dare a New York, 12:30 ne a Accra, 1:30 kuma a Yamai da Kano. Kafin a jefa ƙwallo, muhawarar ba ta wuce wa zai yi nasara, kuma hujjar kowa ita ce alƙaluman wasannin lig. Wasu matasa har kuɗinsu suke zubawa a caca bisa wannan hujja. To, ina iyakar gaskiyarta?

Yadda tsarin yake

Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, an raba su shiyyar gabas da ta yamma, kowace tana buga wasa 82 a lig. Takwas daga kowace shiyya ke shiga zagayen fitar da gwani, inda ta ɗaya ke karawa da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, haka har ƙasa. Tun 2003, a kowane zagaye ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ita ke wucewa. Wadda ta fi yawan nasara a lig ita ke karɓar baƙuncin wasa na bakwai idan an kai can.

Inda alƙaluma ke faɗin gaskiya

Idan tazara tana da yawa, da wuya teburi ya yi ƙarya. Daga 1984, lokacin da aka koma ƙungiyoyi 16, zuwa 2025, ta ɗaya ta haɗu da ta takwas sau 84, kuma sau shida kacal ta takwas ta yi nasara: Denver a 1994, New York a 1999, Golden State a 2007, Memphis a 2011, Philadelphia a 2012 da Miami a 2023. Dalili shi ne sa'a tana iya ba mai rauni wasa ɗaya, amma ba kasafai take ba shi huɗu ba.

Masu nazarin wasan sun fi dogara da tazarar maki fiye da yawan nasara, wato bambancin makin da ƙungiya ke ci da wanda ake ci mata a kowane wasa. Nasara da maki ɗaya na iya zama dace, amma doke abokan karawa da tazara mai faɗi wata shida a jere ƙarfi ne. Oklahoma City ta ci wasa 68 a kakar 2024-25 da tazarar kusan maki 13 a kowane wasa, mafi girma a tarihin gasar, kuma ita ta ɗauki kofi, duk da cewa Indiana ta kai ta har wasa na bakwai.

Inda suke yaudara

Sakamakon haɗuwar ƙungiyoyi biyu a lig shi ne mafi rauni, domin wasa biyu zuwa huɗu ne kawai. Brooklyn ta doke Miami sau huɗu cikin huɗu a kakar 2013-14, amma da suka haɗu a zagaye na biyu Miami ta fitar da ita 4-1. Wani lokaci kuma yakan zama alama: Golden State ta ci Dallas duk wasa ukun da suka yi a lig kafin ta fitar da ita a 2007, kuma kocinta Don Nelson tsohon kocin Dallas ne.

Alƙaluma ba sa hango rauni. Derrick Rose na Chicago ya ji ciwo a gwiwa a wasan farko a 2012, Giannis Antetokounmpo na Milwaukee kuma ya bugu a baya a 2023, duka ƙungiyoyin biyu suka fita tun zagayen farko.

Haka kuma ƙungiyar Afrilu ba lallai ta zama ta Nuwamba ba. Houston ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ta ƙare a matsayi na shida a 1995 da nasara 47, amma ta ɗauko Clyde Drexler a watan Fabrairu, ta bi ta kan ƙungiyoyi huɗu da suka fi ta nasara ta ɗauki kofi. A ɗaya ɓangaren, Golden State ta kafa tarihi da nasara 73 a 2016, Cleveland ta ƙwace kofin bayan tana baya 3-1. Salon wasan ma yana sauyawa: koci kan rage yawan 'yan wasan da yake sakawa, taurari su daɗe a fili, kowane ɓangare kuma ya samu kwanaki yana nazarin lagon abokin karawa guda.

A gasar Afirka fa?

Gasar BAL da aka fara a Kigali a 2021 ta fi wuyar hasashe. Wasannin rukuni kaɗan ne, kuma a zagayen ƙarshe wasa ɗaya ke fitar da ƙungiya. Daga 2021 zuwa 2025 ƙungiyoyi biyar daban-daban ne suka ɗauki kofin: Zamalek, US Monastir, Al Ahly, Petro de Luanda da Al Ahli Tripoli.

Mai son yin hasashe ya fara duba tazarar maki, sannan lafiyar manyan 'yan wasa da canjin da aka yi a tsakiyar kaka. Idan ƙungiyoyin biyu suna kusa da juna a teburi, kamar ta huɗu da ta biyar, alƙaluman lig ba su isa hujjar da mutum zai ɗora kuɗin cefanensa a kai ba.