Giɓin da Babu Shi: Manhajojin Ƙirƙirarriyar Basira a Ɗakin Karatu da Bitar Ayyuka a Fagen Waƙar Baka

Tsakure

Tsakanin 2023 da 2024 manyan kamfanonin da ke sayar wa jami'o'i rumbunan bayanai suka fara ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan manhajojin neman bayani na ɗakunan karatu. Mai bincike zai rubuta tambayarsa da maganar yau da kullum, a mayar masa da amsa a tsare, da manazarta a ƙarƙashinta. Muhawarar da ake yi a kan waɗannan manhajoji ta fi karkata ga tsoron ƙagaggun manazarta. Wannan maƙala tana ganin an ajiye tsoron a inda bai fi dacewa ba. Ta duba yadda Primo Research Assistant da Scopus AI ke zaɓo abin da suke karantawa, ta gwada shi da ayyukan da nazarin waƙar baka ta Hausa ya ginu a kansu, ta kuma nuna cewa babbar illar ita ce manhajar na iya nuna wa ɗalibi giɓi a inda malamai suka riga suka cike.

Fitilun kalmomi: ƙirƙirarriyar basira, ɗakin karatu, bitar ayyuka, waƙar baka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya duba kundin digiri a sashen Hausa ya san inda babi na biyu yake dosa. Ɗalibi zai jero ayyukan magabata, kundaye da littattafai da maƙalu, sannan ya zo kan hujjar ci gaba da bincike, inda zai ce iya binciken da ya yi bai ci karo da wani aiki da ya taɓo wannan batu ta wannan fuska ba. Kundin gaba ɗaya a kan wannan jimla yake tsaye. Idan ta faɗi, duk abin da aka gina a bisanta ya zama maimaici. Tambayar wannan maƙala ita ce: mene ne darajar wannan jimla idan "binciken da ya yi" yana nufin abin da manhaja ta ba shi?

2.0 Waiwaye

Tun bayan fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022 aka shiga kokawa da ƙagaggun manazarta, kuma akwai dalili. Walters da Wilder (2023), a mujallar Scientific Reports, sun sa manhajar ta rubuta gajerun bitar ayyuka, suka bi manazartar ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kashi 55 cikin ɗari na abin da GPT-3.5 ta kawo babu shi a duniya, na GPT-4 kuwa kashi 18. A shekarar ce kuma wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar wani mai suna Mata da kamfanin Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙaga.

Manhajojin ɗakin karatu sun zo ne da amsar wannan ƙorafi. Sun bi tsarin da Lewis da abokan aikinsa (2020) suka bayyana, wato a fara ɗebo rubutu daga wani rumbu sananne, sannan a umarci na'urar ta tsara amsarta daga abin da aka ɗebo kawai. Da wannan, manazartar da ake gani a ƙasan amsa ta gaske ce, ana iya latsawa a buɗe ta.

A nan ne nake rabuwa da ɓangarori biyu. Na farko su ne malaman da har yanzu abin da suke bi kawai shi ne ko littafin da ɗalibi ya ambata yana nan ko babu. Wannan tantancewa mai sauƙi ce, kuma manhajojin ɗakin karatu za su tsallake ta ba tare da wata wahala ba. Na biyu su ne masu ganin tunda manazartar ta tabbata, magana ta ƙare. Duka biyun sun zuba ido a kan abin da manhajar ta faɗa, babu mai tambayar abin da ta yi shiru a kansa. Merton (1968) ya daɗe da nuna yadda aikin da ya riga ya yi suna ke ƙara samun ambato, wanda ba a sani ba ya ƙara nutsewa. Abin da ya sauya yau shi ne wannan zaɓe yana faruwa a bayan allo, kafin mai bincike ya ga komai.

3.0 Hanyar Bincike

An bi bayanan da kamfanonin biyu suka wallafa kan yadda manhajojinsu ke aiki da sharuɗɗan shiga rumbunansu. An ɗauki wasu ayyuka da ba a rasa su a bitar duk wani kundi kan makaɗan fada, aka duba kowanne: ina aka buga shi, da wane harshe, yana da tsakure, yana da lambar DOI?

4.0 Sakamako

Primo Research Assistant, ta kamfanin Ex Libris da ke ƙarƙashin Clarivate, tana karɓar tambaya, ta mayar da ita kalmomin nema, ta aika cikin babban rumbun kamfanin mai suna Central Discovery Index, ta sake jera abin da ya fito, ta ɗauki guda 5 da take ganin sun fi dacewa, ta rubuta amsa daga tsakurensu. A yadda aka fito da ita, ba ta leƙa jerin littattafan da ɗakin karatun jami'ar ya shigar da kansa. Scopus AI, wadda Elsevier ta fitar a Janairun 2024, ita ma daga kanun maƙalu da tsakure take karatu, kuma daga cikin sharuɗɗan karɓar mujalla a Scopus akwai cewa kanu da tsakure su kasance da Ingilishi. Ashe kenan manhajar ba littafi take karantawa ba. Sakin layi ɗaya take karantawa, kuma sai na wanda ya samu shiga.

Mu gwada wannan da kundaye biyu. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana da ke Amurka, da Ingilishi. Kundayen jami'o'in Amurka kan shiga rumbun ProQuest, kamfanin da Clarivate ta saya a 2021, don haka ƙofa a buɗe take ga wannan aiki. A 1988 Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta nasa kundin kan waƙoƙin makaɗan fada a Jami'ar Bayero, Kano, da Hausa. Wannan kundi yana kan kanta, cikin bango mai kauri, kuma ɗalibai sun san shi ne ta hanyar kwafin da ke yawo hannu zuwa hannu da kuma bakin malamansu. Malaman biyu Hausawa ne, jami'a ɗaya suka yi wa hidima, fage ɗaya suka nome. Abin da ya raba ayyukansu a idon manhaja shi ne garin da aka yi jarrabawar kare kundin da harshen da aka rubuta shi.

Haka abin yake idan aka koma ga littattafai. Maƙalar M. G. Smith ta 1957 kan roƙo da maroƙa tana cikin mujallar Africa, wadda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ke bugawa yanzu, an kuma ɗora tsofaffin fitowarta a intanet. Littafin Graham Furniss na 1996 kan waƙa da zube da al'adun zamani na Hausa ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Edinbara, an yi sharhinsa a mujallun da rumbunan ke ɗauka. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, babu mai musu. Amma Rabe-raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo (1984), da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988), da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Gusau (1993), duk an buga su a gida kafin ƙungiyar Crossref ta fara rarraba lambar DOI a 2000, kuma littafi ne kowannensu, ba ya ɗauke da tsakure. Ko da sunan littafin ya shiga wani rumbu, abin da ke ciki bai wuce sunan marubuci da shekara da maɗaba'a ba. Na'urar da aka umarta ta rubuta amsa daga tsakure ba ta da abin ɗauka a nan. Tsofaffin fitowar mujallar Harsunan Nijeriya, da kundayen tarukan ƙara wa juna sani kan harshe da adabi da al'adun Hausawa da aka yi ta yi a Kano, su ma wannan hali suke ciki.

Sai a ƙaddara ɗalibar digiri na biyu da ke son nazarin zambo a waƙoƙin Narambaɗa. Ta rubuta tambayarta, an ba ta sakin layi uku masu santsi, da manazarta 5, dukkansu na gaske. Ta latsa kowanne, ya buɗe. Babu ƙarya ko ɗaya a gabanta. Amma babu kundin Gusau, babu littafin Aliyu Muhammad Bunza kan Narambaɗa (2009), babu tarin kundayen da aka rubuta a Sakkwato da Zariya da Kano kan makaɗan Zamfara. Za ta zauna da zuciya ɗaya ta rubuta cewa ba a yi wani aiki na a zo a gani a kan batun ba. Ba ta yi ha'inci ba, kuma malamin da ke farautar ƙagaggun manazarta ba zai kama komai ba. Wannan shi ne giɓin da babu shi, kuma a ganina ya fi ƙagaggiyar manazarta haɗari nesa ba kusa ba, domin ita ƙagaggiya tana tona kanta da zarar an neme ta, shi kuwa wannan ba ya barin sawu.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne sigar amsar. Tsohuwar hanyar nema tana zubo jerin sakamako, idan ya yi kaɗan mai bincike zai gani da idonsa cewa ya yi kaɗan, ya tashi ya nemi wani wuri. Ma'aikacin ɗakin karatu da ya san aikinsa zai ce, "Malama, wannan ba mu da shi, sai dai ki leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, ko ki tambaya a sashe." Manhajar ba ta san akwai abin da ba ta da shi ba. Kamar mai awo ce da buhu ɗaya a gabansa: kowa ya zo zai cika masa mudu har ya yi tozo, ko da abin da ake nema yana wata rumfar. Amsar da aka tsara daga tsakure biyar na gefen batu da wadda aka tsara daga biyar na tsakiyarsa, murya ɗaya suke fitowa da ita.

Akwai kuma matsalar kalmomin fannu. Mai nazarin waƙar baka da turke yake tunani, da gindin waƙa, da ɗiya, da tubalan ginin turke. Da waɗannan aka koyar da shi, da su zai yi tambaya. Rumbun da galibin abin da ke cikinsa Ingilishi ne ba shi da inda zai haɗa su. Idan ɗalibi ya juya tambayarsa zuwa Ingilishi don ya samu amsa, to ya sauya ra'in da zai yi nazari da shi tun kafin ya fara. Haruffa masu lanƙwasa su ma suna da nasu: suna ɗaya kan shiga rumbu da ƙ a wani wuri, da k a wani, ayyukan mutum guda su rabu gida biyu.

5.0 Iyakar Binciken

Dole a ambata cewa wannan nazari na tsarin manhajojin ne, bai ƙirga sakamakon tambayoyi ba, kuma kamfanonin suna sauya su a kai a kai. Fage ɗaya aka ɗauka. Mai nazarin tsarin sauti ko ginin jimla zai fi samun biyan buƙata, tunda ayyuka irin na Paul Newman da Ingilishi suke, haka ma wasu sababbin mujallun Hausa sun fara fitowa a intanet da DOI da tsakure na Ingilishi. Sai dai wannan bai taɓa ayyukan shekarun 1970 zuwa 2000 ba, waɗanda su ne ginshiƙin fagen.

6.0 Shawarwari

Hana ɗalibai amfani da manhajojin ba mafita ba ce, kuma suna da amfani na gaske wajen gano abin da aka rubuta a waje. Aikin yana wuyan sassan Hausa da ɗakunan karatu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ma'ajiyar Kubanni, inda ake ɗora kundaye, kuma manhajojin tattara bayanai irin su CORE da BASE suna kwasa daga irin waɗannan ma'ajiyoyi. Hoton shafukan tsohon kundi kaɗai ba zai wadatar ba. Kowane kundi da kowane littafi na buƙatar tsakure biyu, na Hausa da na Ingilishi, da kalmomin fannu a rubuce yadda muke faɗarsu, kuma masana fagen ne ya kamata su rubuta, ko da marubucin ya riga mu gidan gaskiya. Kafin a kai ga haka, duk ɗalibin da ya rubuta hujjar ci gaba da bincike a nemi ya faɗi ɗakunan karatun da ya shiga da ƙafarsa da sassan da ya duba kundayensu, a rubuce, a cikin babin, yadda mai jarrabawa na waje zai iya tuhumarsa a kai.