Alexander Grothendieck

Alexander Grothendieck, wanda aka haifa a birnin Balin na Jamus a 1928, ya kuma rasu a kudancin Faransa a 2014, shehin malami ne a handasar aljabara, wato ilmin da ke binciken siffofi ta hanyar ƙa'idojin lissafi. Bayan an kafa cibiyar bincike ta IHES a Faransa a 1958, ya duƙufa can ga sake aza harsashin wannan fanni, shi yana zubo tunani, abokin aikinsa Jean Dieudonné kuwa, duk da ya girme shi da shekara 22, ya yarda ya zama alƙalaminsa, yana tace bayani yana tsara hujjoji, har mujalladan littafinsu mai suna EGA suka fito tsakanin 1960 da 1967. Mas'aloli da yawa a wasiƙun Grothendieck da masanin lissafi Jean-Pierre Serre suka fara tsiro.

An ba Grothendieck lambar yabo ta Fields a 1966, amma ya ƙi zuwa Mosko, inda aka yi bikin, don ya karɓa. Almajirinsa Pierre Deligne, bisa wannan harsashi, ya warware mafi wuya cikin hasashe-hasashen lissafi na Weil, ya wallafa a 1974, alhali malamin ya bar cibiyar tun 1970, da ya gano akwai kuɗin soja cikin kasafinta.