Asalin Tsagen da Ke Bayan Kwali

In ka shiga kasuwar Jibiya ran Lahadi, ɗauki gwangwanin madara ko kwalin sabulu ka juya bayansa. Za ka ga waɗansu baƙaƙen layuka a jere, wani siriri wani mai kauri, da lambobi a ƙarƙashinsu. 'Yan boko na ce musu bakod. Ni kuwa tsage nake ce musu, don aikinsu ɗaya da tsagen Bagobiri: kafin a tambaya, sun faɗi daga gidan da abu ya fito.

Ga yadda aka fara. A shekarar 1948, a birnin Filadelfiya na Amurka, wani ɗalibi mai suna Bernard Silver ya ji wani mai manyan kantunan abinci yana kuka da jinkirin lissafi wurin biyan kuɗi, yana neman a ƙera masa abin da zai riƙa gane kaya da kansa. Silver ya kai wa abokinsa Norman Woodland labari. Abin ya shiga ran Woodland har ya bar makaranta ya koma Miami. Ran nan yana zaune a bakin teku, sai ya tuna da rubutun tangaraho na Morse, mai ɗigo da ja, wanda ya koya yana ɗan sikawut. Ya kafa yatsunsa cikin rairayi ya jawo, sai ga layuka. Ashe in aka ja ɗigo ƙasa ya zama siririn layi, ja kuwa ya zama mai kauri.

An ba su takardar mallakar wannan dabara a 1952, amma ta yi shekara ashirin a kwance, don babu na'ura mai araha da za ta karanta. Sai a 1973 masu kantunan Amurka suka haɗu a kan fasali guda, wanda George Laurer na kamfanin IBM ya tsara. Ran 26 ga Yuni 1974, a kantin Marsh da ke garin Troy na jihar Ohio, aka fara haska tsagen da na'ura a jikin fakitin cingam na Wrigley's, farashinsa santi 67. Turai ta bi sahu a 1977 da lambobi 13, irin waɗanda muka fi gani nan. Yau ƙungiyar GS1 ce ke raba su.

To, lura da lambobi ukun farko. In ka ga 615, kamfanin a Nijeriya ya yi rajista; 885 Tailan ce, 890 Indiya, 690 zuwa 699 ƙasar Sin. Sai dai a yi hattara, lambar wurin rajista take nunawa, ba lalle nan aka yi kayan ba. Kuma ba ta hana jabu, don mai kwaikwayon kwali har tsagen yake kwafewa. Lambar ƙarshe ita ce mai gadi: daga sauran ake lissafo ta, in aka karanta ɗaya ba daidai ba, na'ura ta ƙi.

Kullum katan-katan masu wannan tsage na ratsa iyakar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, wasu na shigowa, amma a yawancin shagunanmu ba mai haska su. Farashi na kan mai shago, bashi na cikin littafi, hatsi kuwa tiya ke raba gardama. Na'urar da ta samu shiga ita ce POS, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023.

Abin da ke damuna shi ne kayanmu. Manyan kantunan Kano da Abuja da na'ura suke lissafi, abin da ba shi da tsage da wuya ya hau kantarsu. Na taɓa tsayawa gaban wani mai kilishi a bakin tasha, yana yanka, yana barbaɗa yaji, yana naɗewa a takarda. Kilishin nan ya fi duk wani cingam daɗi, amma a jikin takardar babu suna, babu lamba, sai tabon mai.