Yadda Dala Ta Rabu Da Zinari

Idan ɗan canji a Wapa ya karɓi takardar dala ɗari, sai ya ɗaga ta ya duba a haske, ya murza ta da yatsu, ya tabbatar ba jabu ba ce. Iyakarsa ke nan. Ba ya tambayar abin da ya tsaya mata, mu ma ba ma tambaya. Amma da za mu koma Amurka ta 1928 mu karɓi takardar kuɗin babban bankinta, da mun ga an rubuta a jikinta cewa mai ita na iya kai ta baitulmali a ba shi zinari. Farashin ma a yanke yake: dala 20.67 kowace oza, wato giram 31 da 'yan kai.

Ba a zo nan ba sai da aka kai ruwa rana. A ƙarshen ƙarni na 19 bashi ya yi wa manoman yamma da kudu katutu, alkama da auduga kullum faɗuwa suke yi, suka nemi a haɗa da azurfa ko kuɗi za su yawaita. William Jennings Bryan ya tsaya musu a zaɓen 1896, McKinley ya kayar da shi, dokar 1900 kuma ta ɗaure dala a jikin zinari. Ko da aka kafa babban banki a 1913, zamanin Woodrow Wilson, sai aka gindaya masa sharaɗin ajiye zinarin da ya kai kashi 40 cikin ɗari na takardun da ya fitar. Iya zinarinka, iya kuɗinka. Talaka bai san hikimar ba, amma ya san gwamnati ba ta da ikon wayar gari ta rage masa ƙimar abin da ke aljihunsa.

Wannan dabaibayi shi ya zama tarko bayan kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929. Ingila ta saki zinari a Satumban 1931, masu kuɗi suka tsorata cewa Amurka za ta bi sahu, suka shiga kwashe nasu. Don ya tsare rumbunsa, babban bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 1.5 zuwa 3.5 a wata guda, ana tsakiyar karayar arziki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe, mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da abin yi. Mutane kan yi sammako su ja layi a ƙofar banki, wanda ya dace ya karɓi nasa ya cusa a katifa ko ya binne a gwangwani.

A haka Franklin Roosevelt ya sha rantsuwa ranar 4 ga Maris 1933. Kwana biyu tsakani ya rufe dukkan bankunan ƙasar. Da wace doka? Da wata tsohuwar dokar yaƙi ta 1917 wadda aka yi don hana hulɗar kasuwanci da abokan gaba, alhali babu yaƙin da ake yi. Majalisa ta zauna ranar 9 ga wata ta halatta masa a yini guda. Ranar 12 ya yi wa jama'a magana ta rediyo, cikin sauƙin harshe kamar mai hira da iyalinsa, washegari da aka fara buɗe bankuna sai ga mutane suna mayar da ajiyarsu. Sannan ranar 5 ga Afrilu ya sa hannu a umarni mai lamba 6102: kowa ya kawo zinarin da ya tara kafin 1 ga Mayu, a biya shi da takarda a kan tsohon farashi. An bar wa mutum tsabar dala 100, an kuma ƙyale maƙera, da likitocin haƙori, da masu tara tsofaffin sulalla. Wanda ya ɓoye, tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara goma, ko a haɗa masa duka. A Yuni majalisa ta soke duk wani sharaɗin biya da zinari da ke cikin yarjejeniyoyin bashi, har da na gwamnati kanta.

Abin da ya biyo baya ya fi kama da tatsuniya. A kakar wannan shekara, kowace safiya amininsa Henry Morgenthau, wanda daga baya ya riƙe baitulmali, kan shiga ɗakin barcin shugaban tare da wani jami'i, Jesse Jones, su iske shi a gado yana karya kumallo, a nan su yanke farashin zinari na ranar. Morgenthau ya rubuta a kundinsa cewa wata rana Roosevelt ya zaɓi ƙarin santi 21 don lambar sa'a ce, bakwai sau uku, Morgenthau kuma ya ƙara da cewa da jama'a sun san yadda ake yanke farashin da hankalinsu ya tashi. A ƙarshen Janairun 1934 aka tsayar da shi a dala 35. Wanda ya yi biyayya ya miƙa ozarsa a kan 20.67 yana ji yana gani ta koma 35 cikin wata tara, ribar kuma ta gwamnati ce. Dala biliyan biyu daga ciki aka kafa asusun daidaita canjin kuɗi da su. Magana ta kai kotun ƙoli, a Fabrairun 1935 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu gwamnati ta tsira.

Mu faɗi gaskiya, maganin ya yi aiki. Farashin amfanin gona ya ɗaga, masana'antu suka motsa, ƙasashen da suka riga sakin zinari su suka riga farfaɗowa, Faransa da ta nace har 1936 ta daɗe tana jin jiki. Sai dai ikon da aka ara da sunan gaggawa bai koma hannun masu shi ba. An gina rumbun Fort Knox a Kentucky a 1936, jiragen ƙasa suka fara jigilar zinari can a farkon 1937, Ba'amurke kuma ya shekara arba'in da ɗaya doka ta hana shi tara abin da kakansa ke kashewa a kasuwa.

Alkawarin musanya dala da zinari bai mutu ba, ƙaura ya yi. A Yulin 1944 ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods suka ɗaure kuɗaɗensu a jikin dala, ita kuma a jikin zinari a kan 35, amma gwamnatoci kaɗai ke iya zuwa karɓa. Lokacin wajen kashi biyu cikin uku na zinarin ajiyar duniya yana Amurka, wa zai yi shakka? Yau da gobe, dalolin da ke waje suka fi zinarin da ke gida. Yaƙin Biyetnam da shirye-shiryen yaƙi da talauci na Lyndon Johnson suka ƙara buɗe bakin aljihu. De Gaulle na Faransa ya fito fili a 1965 ya soki tsarin, ƙasarsa ta riƙa kawo dala tana kwasar zinari.

Ranar Lahadi 15 ga Agusta 1971, bayan ganawar sirri a Camp David da mashawartansa John Connally da Paul Volcker da Arthur Burns, Shugaba Richard Nixon ya bayyana a talabijin. Ya daskarar da albashi da farashin kaya na kwana 90, ya ɗora harajin kashi 10 a kan kayan waje, ya kuma dakatar da musanya dala da zinari, wai na ɗan lokaci. An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar, aka kai oza dala 38, sannan 42.22, zuwa Maris 1973 aka haƙura aka bar manyan kuɗaɗe kasuwa ta yi musu farashi. Naira ma a Janairun wannan shekara aka haife ta, ba ta taɓa sanin dalar da ake kaiwa a karɓi zinari ba.

Shugaba Gerald Ford ne ya mayar wa Amurkawa 'yancin mallakar zinari daga ranar 31 ga Disamba 1974, a lokacin da zinarin ba ya tsare wa dala komai. A Janairun 1980 oza ta taɓa dala 850 a kasuwa. A littattafan baitulmali kuwa, zinarin Fort Knox yana nan a rubuce a kan dala 42.22.