Tarihin Bin Sawun Cututtukan Sauro a Jikin Dabbobin Gwaji

Wannan fanni ne na binciken lafiya da ke gano hanyar da ƙwayar bairos take bi bayan cizon sauro, daga fata zuwa jini, hanta ko ƙwaƙwalwa.

A Afirka ta Yamma aka aza harsashinsa. A 1927 masu binciken Gidauniyar Rockefeller, waɗanda cibiyarsu take Yaba a Legas, suka ɗebi jinin Asibi, wani mutumin Ghana da zazzaɓin shawara ya kama, suka sa wa birin Indiya, birin kuwa ya kamu. Aikin ya ci rayuka: cutar ta kashe Adrian Stokes a Legas a wannan shekarar, ta kashe Hideyo Noguchi a Akkara a 1928. A 1930 Max Theiler ya nuna cewa ɓera ma yana kamuwa in an sa masa ƙwayar a ƙwaƙwalwa. Daga ƙwayar Asibi ne ya samar da rigakafin 17D a 1937, irin wanda aka yi wa jama'ar Jihar Sakkwato a gangamin ƙarshen 2018.

Sai dai a wancan zamani a makance ake aikin. Mai son sanin inda cuta ta kai, dole ya riƙa yanka dabbobi kashi-kashi, yana feɗewa yana duba hanta da saifa. Ba ya taɓa ganin tafiyar cutar a jiki guda.

Sauyin ya zo a 1995, lokacin da Christopher Contag da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka ɗauki hoton bakteriya mai haske a cikin ɓera mai rai. A 2003 aka yi haka da bairos ɗin Sindbis, wanda sauro ke yaɗawa, a ɗakin binciken Diane Griffin na Johns Hopkins. Ana dasa wa bairos ɗin ƙwayar gadon ƙwaron nan mai ƙyalli da dare, a yi wa ɓeran allurar sinadarin lusifarin, a sa shi barci a akwati mai duhu. Duk inda cutar ta yi sheƙa, nan kyamara ke ganin haske. Gobe a dawo da ɓeran nan dai a sake dubawa.

Hanyar tana da iyaka. Tsoka da baƙin gashi suna shanye hasken, shi ya sa ake aske ɓeran, biri kuwa ya yi mata kauri. Don haka a 2013 masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka bi sawun bairos ɗin cikungunya a jikin 'ya'yan wani ƙaramin kifi da ake hango cikinsa.