Yaƙin da ake sake gwabzawa kowace kaka

Kowace shekara idan watan Oktoba ya kusa rabawa, ganyayen itatuwa sun fara zuba a ƙasar Ingila, iyalai kan yi tururuwa zuwa wani ƙaramin gari mai suna Battle, kimanin kilomita 10 daga Hastings ta bakin teku. Ma'anar sunan garin da Ingilishi ita ce yaƙi, kuma yaƙi ne ya haife shi. A kan tudunsa ne, ranar 14 ga Oktoba 1066, Wiliyam mai mulkin Normandi, wanda littattafan Faransa ke kira Guillaume le Conquérant, ya karya rundunar Harold sarkin Ingila, aka kashe Harold, sarauta ta koma hannun baƙo.

Hukumar English Heritage mai kula da wurin takan shirya biki a ƙarshen makon da ya fi kusa da wannan rana. Ana kafa sansani biyu, na Ingilawa da na Normandawa, inda maƙera ke bugun ƙarfe, mata na kaɗi da saƙa, ana girki a kan murhu kamar yadda ake yi shekaru fiye da 900 da suka wuce. Yara kan riƙi garkuwa, a koya masu jera sahu. Ƴan wasan masu sha'awar tarihi ne da ke kashe kuɗin aljihunsu wajen mallakar sulke da kwalkwali. A shekarar 2016, don cikar yaƙin shekara 950, wasunsu sun taso daga birnin York, a ƙasa da kan dawaki, suka yi kusan mako 3 a hanya kafin su iso filin.

Faɗuwar bikin cikin kaka tana da tushe. Harold ya kwashe bazarar 1066 yana gadin gaɓar kudu da mayaƙan da yawancinsu manoma ne. Da guzuri ya ƙare, amfanin gona kuma na jiran masu shi, sai ya sallame su ranar 8 ga Satumba. Ba a jima ba sarkin Norwe ya auko ta arewa. Harold ya garzaya ya murƙushe shi a Stamford Bridge ranar 25 ga watan, kwana 3 bayan haka jiragen Wiliyam suka sauka a Pevensey ta kudu. Da gajiyayyun mayaƙa Harold ya komo ya tare shi.

Abin da ƴan kallo ke jira shi ne gumurzun. Dakarun Ingila kan tsaya bisa tudu, garkuwa na gugar garkuwa kamar ganuwa, gatura a hannu. Ƴan baka su yi ruwan kibau, baraden Normandi su hauro a sukwane, a kora su, su komo. Ainihin yaƙin ya kai daga hantsi har faɗuwar rana, amma na bikin gajere ne, takubbansa dakusassu, kibansa marasa tsini. Jama'a kan yi wa Harold shewa su yi wa Wiliyam ihu, alhali kowa ya san wanda zai faɗi. Da an gama, gawarwakin su tashi su kakkaɓe ciyawa, a tafa masu.

Amfanin wannan ga mai koyarwa a fili yake. Yaron da ya ɗaga sulke ya ji nauyinsa ya fahimci abin da shafi goma ba su fahimtar da shi ba. Sai dai wasa yana son tabbaci, tarihi kuwa ba kullum yake ba da shi ba. Yawancin abin da aka sani game da suturar mayaƙan da makamansu an ɗauko shi ne daga ƙyallen Bayeux, wani dogon yadin lilin mai kusan mita 70 da aka yi wa ɗinkin zaren ulu da bayanai cikin Latin. Masana sun fi karkata ga cewa Odo, babban limamin cocin Bayeux, wanda suke uwa ɗaya da Wiliyam, shi ya sa aka ɗinka shi. Ke nan labarin ya fito ne daga gidan wanda ya ci yaƙi, shi ya sa aka nuna Harold yana yi wa Wiliyam rantsuwa, don a ce amana ya ci. Ko kibiyar nan da aka ce ta soki idon Harold, wadda kowane ɗan makaranta a Ingila ya sani, ana jayayya a kanta: an yi wa wannan sashe na ƙyallen gyara a ƙarni na 19, kuma wata tsohuwar waƙar Latin ta ce barade huɗu ne suka sassare shi.

Babban abin da filin ba ya iya nunawa shi ne abin da ya biyo baya. An naɗa Wiliyam a Westminster ranar 25 ga Disamba 1066. Da arewacin ƙasar ya yi tawaye, cikin hunturun 1069 zuwa 1070 ya sa aka ƙone rumbuna da garuruwa, aka karkashe dabbobi. Orderic Vitalis, wani malamin coci da aka haifa a Ingila ya rayu a Normandi, ya rubuta cewa yunwar da ta biyo ta ci mutum fiye da 100.000. Masana na gardama kan adadin, amma ba sa musun ɓarnar. Ƙidayar ƙasa da Wiliyam ya sa aka yi a 1086 ta nuna cewa cikin manyan masu filaye Ingilawa ƙalilan ne suka rage. Faransanci ya zama harshen fada da na manya wajen shekara 300, sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Ingilishi. Duk wanda ya yi karatu cikin harshen da ba shi ya sha a nono ba ya san nauyin irin wannan sauyi, ya kuma san ba abu ne da ake iya kwaikwaya da doki da takobi ba.

Shi kansa wurin bikin shaida ne cewa masu nasarar sun san jinin da suka zubar. Wiliyam ya gina gidan ibadar Battle a matsayin kaffara, aka ce an kafa bagadinsa daidai inda Harold ya faɗi. An keɓe cocin a 1094, Sarki Henri na 8 ya rufe gidan a 1538, yanzu wani faifan dutse ne a ƙasa ke nuna gurbin bagadin, yara na tsayawa a kansa ana ɗaukar su hoto.

Masu ɗinkin ƙyallen Bayeux, waɗanda ake zaton Ingilawa ne, sun bar wani ɗan hoto gab da inda rundunar Wiliyam ke fita zuwa fagen fama. Mutum biyu na cinna wa wani gida wuta, wata mace na fitowa daga ciki riƙe da hannun ɗan yaro. Rubutun Latin da ke sama ya ambaci ƙona gidan kawai, bai faɗi sunanta ba.